Madarar Taguwa Ɗaya

Ban daɗe da sauka Agadas ba sojoji suka karɓi mulkin ƙasar, aka rufe iyaka a bayana, sai ka ce dama ni ake jira in shigo. Sunana Nasiru, ɗan Funtuwa ne ni, likitancin dabbobi na karanta kafin ƙafa ta kai ni binciken ƙwayoyin halitta. Abu ɗaya ya kawo ni. Malamata a jami'a ta ji labarin wani tsohon jinsin raƙuma a yammacin Agadas, waɗanda ake cewa fari ba ya kayar da su da wuri, ta ce in je in karanto mata asalinsu ta wajen uwa. Ta ba ni aron wata 'yar na'ura da ba ta fi wayar hannu girma ba, da faranti uku da ake sa mata, kowanne sau ɗaya ake aiki da shi a yar. Ta ce, "Nasiru, zobe ɗaya nake so, cikakke. In babu shi babu digiri, kuma ba ni da wani farantin da zan ƙara maka."

A tsohon gari na sami masauki, gidan Baba Kader, maƙerin azurfa. Tun da baƙi masu yawon buɗe ido suka daina zuwa aikinsa ya tsaya, don haka yana da lokacin zama ya zuba mini ido. Shi ya fara tambayata.

"Doktoro, wai mi ne ne wannan zobe da kake ta faɗi? In zobe ne ai ga ni zaune."

Na yi masa bayani gwargwadon iyawata. A cikin kowace ƙwayar jikin dabba akwai wasu 'yan abubuwa masu ba ta ƙarfi, ana ce musu mitokondiriya. Suna da nasu rubutun halitta daban, gajere, a naɗe kamar zobe, kuma daga uwa kaɗai ake gadonsa. Na'urata ba ta iya karanta shi a dunƙule, guntu-guntu take karantowa, haɗe da tarkacen sauran jiki. Sai wata manhaja a kwamfuta ta tsince na mitokondiriyar, ta riƙa haɗa guntu da guntu inda bakinsu ya yi daidai, har wutsiya ta zagayo ta haɗu da kai.

Ya ce, "Wato lojisiyel ɗin naka maƙeri ne."

Na ce kusan haka.

"To, Allah ya ba shi kasuwa. Mu dai tamu ta mutu."

Farantan nan sanyi suke so, amma ƙanƙara tana kashe su. Baba Kader ba shi da firji, ko firigo kamar yadda suke cewa, sai ya haɗa ni da Illa mai shagon ruwan sanyi a bakin layi. Na yi wa Illa bayani da Hausa, na maimaita da hannu, na nuna masa inda zai ajiye da inda ba zai ajiye ba. Ya dafa ƙirji ya ce in ɗauka a cikin idonsa na ajiye su. Rannan na leƙa da rana na tarar kwalin farantan ya cika masa wuri, ya zare faranti ɗaya ya cusa a gidan ƙanƙara tsakanin ledojin ruwa. Ya daskare kamar dutse. Da na ɗaga murya sai ya ce ai haka na kawo shi. Na ce daga Funtuwa na taho da ƙanƙara a aljihu? Ya ce shi dai bai san abin da 'yan Najeriya ke iya yi ba. Mutane suka taru, kuma ba wanda ya tsaya a bayana, don a lokacin ƙasata ta yanke wa tasu wuta, ba wanda ke da sauran tausayin ɗan Najeriya da kwalinsa. Na kwashe biyun da suka rage cikin haushi. Matar Baba Kader ce ta karɓe su, ta kai gidan wata 'yar'uwarta mai firji na hasken rana.

Maganar wutar nan ta ishe ni a garin. Wutar Agadas ba daga wajenmu take zuwa ba, daga Cirozerin take, inda ake ƙona gawayin ƙasa, kowa ya sani. Amma da zarar fanka ta tsaya sai a juyo a kalle ni, a ce, "Doktoro, kun ɗauke kuran," wato wutar. Da farko ina dariya, daga baya na daina. Ina kewar gida ƙwarai. A waya matata take gaya mini ruwa ya hana su shanya, masara ta kai kafaɗa, ni kuwa ina kallon sama fara fat, hadari ya taso ya yi ta ruri ya watse ba ɗigo. Ta kan ce, "Yaushe za ka dawo?" In ce sai zobe ya rufe. Har ta fara cewa in gaida mata zoben.

Baba Kader ne ya kai ni Ingal, don ya san mai raƙuman da nake nema. Ya ce a shekarun arziki makiyaya kan cika wajen nan tun da damina don dabbobi su lashi gishiri, sai ka rasa inda za ka sa ƙafa. Mu dai fili muka tarar, da 'yan rumfuna nan da can. Aghali, Ba'abzine ne dogo, tsohon abokin Baba Kader, yana jin Hausa amma a hankali yake yin ta, kamar yana auna kowace kalma. Muna shan shayi ya gaya mana taguwoyi uku suka rage masa masu ba da madara. Ɗaya ya saya wajen mutanen da suka zo daga Segedin, ɗaya matarsa Tekna ta zo da ita gidan aure, ta ukun kuwa, fara, mai suna Tamallat, ita ce ta tsohon jinsin, gadon mahaifiyarsa. Ita nake nema.

Na fito da allura, Aghali ya girgiza kai. Ya ce dabbar da ke tsaye da ƙyar ba a ɗibar mata jini. Na ce to gashin wutsiya, guda kaɗan. Nan ma ya ƙi, Baba Kader ya raɗa mini cewa ba a barin baƙo ya tafi da gashin dabba, ba a san inda zai kai shi ba. Raina ya fara ɓaci, sai na tuna a cikin madara ma akwai ƙwayoyin jikin uwa. Na ce madarar Tamallat fa? Fuskar Aghali ta saki, ya ce wannan kam ko ban roƙa ba. Na miƙe zan bi shi wurin tatsa, Baba Kader ya kama rigata ya zaunar da ni. Baƙo ba ya tsayawa kan taguwa ana tatsa, balle a shekarar da kowa ke tsoron baki. Na zauna a inuwa. Can sai ga Aghali da akushi cike fal, har kumfa na zuba. Na cika 'yar kwalbata, na zuba mata ruwan da ke hana ta lalacewa, sauran kuwa aka ce nawa ne. Na kafa kai na shanye, don tun da na bar gida ban sa abu mai daɗin wannan a baki ba.

Da muka koma Agadas na tace ƙwayoyin, na ɗiga a faranti na biyu da bismilla. Baba Kader ya aro mini batirin mota don kada na'urar ta tsaya a tsakiya, kuma ba ta tsaya ba, ta karanto guntaye masu yawa. Na ce aiki ya ƙare, saura haɗawa. Ashe nan wahalar take. Manhajar tana son wuta ta tsaya mata wuni guda, kwamfutata kuwa batirinta ya tsufa, na motar kuma mai shi ya zo ya karɓi abinsa. Sai ta yi nisa, ina kallon zoben na tsawo, wuta ta ɗauke, komai ya koma farko. Na fara da safe, na fara da azahar, na gwada ranar Juma'a wai ko masu injuna sun tafi masallaci wutar ta huta. Duk banza. Wata rana saura ƙiris ta gama fanka ta yi tsit, na ɗaga kwamfutar sama da hannu biyu, Allah ne ya sa Baba Kader na kusa.

"Ajiye ta, Doktoro. Ita ba ta yi maka komi ba. Tashi mu tai Ciro, can kuran ɗin yake kwana."

A Cirozerin wani ɗan'uwansa tela ya ba ni kusurwar shagonsa da wurin jona wuta ɗaya. Garin warin gawayi yake, farar rigata ta koma ruwan toka kafin la'asar, amma wuta ta tsaya cak. Telan ya kawo mini shinkafa da wake, ya hana masu zuwa karɓar ɗinki taɓa wayata, har ya kashe rediyonsa wai kada ya dami na'ura. Manhajar ta yi aikinta daga farko har ƙarshe ba wanda ya katse ta. Da ta gama, ba zobe ta ba ni ba. Guntaye ta ba ni masu rassa, ta ce ba za ta iya rufewa ba. A wurare da dama hanya ta rabu: wasu guntayen sun ce harafi kaza ne a nan, wasu sun ce a'a, wasu kuma sun kawo na uku. A Ciro na rasa wanda zan ɗora wa laifi, don wuta dai ga ta nan.

Na sauya mata ma'auni, na tsananta, na sassauta. Na ba ta wani zoben raƙumi da aka riga aka sani don ta yi koyi da shi. Na hau rufin shagon ina neman layin waya, abin da suke kira rezo, har na sauko da sabon zubin manhajar da ƙyar. Amsa ɗaya take ba ni kullum, cikin ladabi, kamar ma'aikacin da ya rantse ba zai sa hannu ba. Na kira Malama na karanta mata abin da nake gani.

Ta ce, "Ka gurɓata samfurin, Nasiru. Ko kwalbarka ba ta da tsabta, ko ka haɗa da na wata dabbar. Manhaja ba ta ƙirƙiro abin da ba a ba ta ba."

"Ranki ya daɗe, taguwa ɗaya ce. Sabuwar kwalba ce."

"To taguwarka uwa uku gare ta ke nan. Faranti nawa ya rage?"

Na ce ɗaya. Ta ce in yi tunani da kyau kafin in taɓa shi.

Na dawo Agadas ba na son magana da kowa. Da hantsi ina zaune a maƙerar Baba Kader yana gyara wani tsohon ɗan kunne, na ce, ni kaɗai nake mita, abin nan kamar taguwoyi uku ne ke magana a kwalba guda.

Bai ko ɗago ba ya ce, "Ai uku ne."

Na ce me ya ce?

"Uku ne mana. Doktoro, a wannan fari wace taguwa za ta cika akushi ita ɗaya? Ka ce ta Tamallat kake so, an sa maka ta Tamallat. Sauran an ƙara ne don akushi ya cika. Aghali ba ya kawo ma baƙo rabin akushi, ko da gidansa za su kwana haka nan."

"Baba, ka sani ka yi shiru? Ka ga ina hawa rufin mutane kamar mahaukaci?"

"Ka tambaye ni? Ni na san madara madara ce. Da ka ce mini lojisiyel ɗinka ba ya son karamci, da na gaya ma Aghali."

Na tashi na fita, na zagaya layin na dawo, don ban san inda zan kai haushin ba. Da Illa ne ya yi mini wannan da na san abin da zan faɗa. Amma mutum ya tatse duk abin da ya mallaka ya cika maka akushi, ka shanye, ta ina za ka fara yi masa faɗa? Ga shi kuma ya kashe mini faranti kamar yadda Illa ya kashe, babu bambanci a wurin manhaja. Ranar ban ci abincin rana ba.

Komawa Ingal ba ta zo da sauƙi ba. Man fetur ya yi wuya, kuma an tsananta wa baƙi fita daga gari, sai da izini. Na yi ta zarya, yau a ce mai sa hannu ya fita, gobe a ce in dawo jibi. Damina, in ma za a kira ta damina, ta wuce ina jira. Kullum sai na je gidan mai firjin na duba farantina na ƙarshe, don shi ma yana da ranar mutuwarsa ko an yi aiki da shi ko ba a yi ba. Matar gidan har ta saba, da ta ji sallamata sai ta ce ɗana yana nan lafiya.

Da muka samu muka isa Ingal aka ce Aghali ya tashi, ya yi kudu wajen wata rijiya. Muka bi. A gefen hanya ga gawarwakin dabbobi nan sun bushe, fata ta manne da ƙashi, tun ina juyawa in duba har na daina. Mun same shi da rana tsaka a gindin wata ƙaya, kusa da rumfarsa. Ya tarbe mu kamar yadda ya yi da farko, ya shimfiɗa tabarma, ya hura gawayin shayi. Na duba bayan rumfar, taguwa ɗaya na gani a durƙushe, fara, ƙasusuwan haƙarƙarinta a waje. Baba Kader ya tambaya da harshensu, aka ba shi amsa gajera, ya juyo ya gaya mini a hankali. Ta Segedin ta faɗi a hanya. Ta Tekna ta kwanta ta kasa tashi, suka yanka ta.

Na yi masa jaje. Sannan, da yake abin da ya kawo ni ke nan, na faɗi buƙatata: madarar Tamallat, ita kaɗai, ko cokali biyu ne.

Aghali ya daɗe yana juya shayi daga kofi zuwa kofi. Ya ce, "Ka dawo bayan damina mai zuwa. In Allah ya yarda in cika maka."

Na ce ba cikawa nake so ba, kaɗan nake so.

"Abin da take bayarwa yanzu ba na baƙo ba ne."

Baba Kader ya taka mini ƙafa, na yi kamar ban ji ba. Na ce farantina ba zai kai damina ba, shekaruna na karatu suna kan cokali biyun nan, na bar gida na bar mata, an rufe mini hanya, an daskarar mini da kaya, na gaji. Muryata ta fi ƙarfin rumfar. Aghali ya ja rawaninsa sama har ya kusa rufe ido. Na san na matsa masa inda ba a matsa wa mutum, kuma duk da haka ban janye ba.

Tekna ce ta tashi daga bayan rumfa, ba wanda ya aike ta. Muka ji tana lallashin taguwar ta miƙe. Ta daɗe. Da ta dawo ta ajiye akushin a gabana a rufe da faifai, ta koma ba ta kalli kowa ba. Na ɗaga faifan kaɗan yadda ni kaɗai zan gani. Madarar ko gindin akushin ba ta gama rufewa ba. Na karkata shi na zuƙe da 'yar roba, kwalbata ta cika daidai, akushin ya koma wayam. Na mayar da faifan na rufe. Aghali yana kallon wani wuri can nesa, ya miƙo mini shayi na biyu, ya tambaye ni ko an yi ruwa a ƙasarmu bana. Na ce an yi. Ya ce madalla.

Mun bar musu buhun geron da muka zo da shi, Baba Kader ya ce kada in miƙa a hannu, a ajiye kawai a bayan rumfa kamar an manta. A mota bai yi mini magana ba har muka ga hasumiyar masallacin Agadas.

Wannan karon ban tsaya wasa da wutar gari ba, na kwashi komai na koma shagon telan Ciro. Na ɗiga a farantin ƙarshe. Na'ura ta karanta, manhaja ta karɓa. Ina zaune ina jiran ta fara rassan nan nata, ba ta yi ba. Guntu ya kama guntu, hanya ɗaya, ba gardama ko a wuri guda, har wutsiya ta zo ta haɗu da kai. Kafin la'asar ta rubuta mini cewa zobe ya rufe. Telan ya ga na dafe kai ya ce ko ta sake lalacewa ne, na ce a'a, ta yi. Ya ce to ai sai in yi dariya.

Na hau rufin na aika wa Malama, ba a jima ba ta kira. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

"Nasiru! Wannan ai kamar a littafi. Tsaf, ba gauraye ko ɗaya. Ka ga abin da nake gaya maka, in aka kula da tsabta manhaja ba ta da matsala. Ka sami digirinka. Kuma ka ji, da an buɗe iyaka zan nemo maka faranti ko ta halin ƙaƙa, ka koma ka yi mana sauran biyun nan da suka gauraya mana da farko, ɗaya bayan ɗaya, mu kwatanta."

Na ce, "Babu sauran, ranki ya daɗe. Ita kaɗai ta rage masa. Shi ya sa ya fito tsaf."

Na tsaya a kan rufin da waya a kunne, ban sani ba ko layin ne ya yanke ko ita ce ta yi shiru.